Cigiyar Zaituna

"Umma, abin da kike nema, ya san kina nemansa?" in ji Kulu.

Zaituna ta ja tsaki. Wata da watanni tana koya wa kwamfuta tace bayanan karon ƙwayoyin zarra, don ta yi ƙara in ta ga ƙwayar da masana ba su sani ba. Shiru kake ji.

Da magariba wata tsohuwa ta shigo gidansu na unguwar Mandawari, ba sallama.

"Yarinya, mun ji kina cigiyarmu," ta ce wa Zaituna, tana miƙa wa Kulu hannu.

Sai kwamfutar ta ɗauki ƙara, alhali cajinta ya ƙare tun la'asar. Zaituna ta fizgo 'yarta. Ƙafafun tsohuwar ba sa taɓa ƙasa.

Kai mai bincike, kafin ka yi cigiyar abin ɓoye, fara shigar da yaranka ɗaki.