Faifan Sambo Mai Bidiyo

Rana ta yi ja, ta sauka bayan rumfunan kasuwa, a yinin da aka fara jifa a gidan Jibrin da ke Talata Mafara. Baturiya, matarsa, tana tuƙa tuwo a madafa. Kaji sun nufi akurki. Hafiza, 'yarsu budurwa, tana zaune kan tabarma da waya a hannu, tana sauraron muryar kakanta marigayi yana fassara aya. Jibrin kuwa ya tsuguna da buta yana alwala, ransa fes.

Dutse na farko ya faɗo kan kwanon rufi. Suka ce yara ne. Na biyu ya faɗo tsakar gida daf da butar, da zafi kamar daga murhu aka ciro shi. Jibrin ya leƙa lungu, babu kowa. Da ya dawo sai ya tarar karatun ya yanke. Abin da ke fitowa daga wayar guɗa ce, can nesa, da kalangu a ƙarƙashinta, irin na rakiyar amarya a ƙauye.

"Kashe ta," in ji Baturiya daga bakin madafa.

"Inna, na kashe," Hafiza ta ce. Guɗar ba ta tsaya ba sai da ladan ya kai ƙarshen kiran salla.

Asalin abin ba daga wannan maraice ya fara ba. Mahaifin Jibrin malami ne da ya yi shekaru yana tafsiri a zaurensa kowane azumi, ɗalibai suna ɗauka a kaset. Bayan rasuwarsa kaset ɗin suka zauna cikin kwali, zafi da gara suna cin su a hankali. Jibrin malamin gona ne, amma mai son na'ura tun yana yaro. Ya ƙudurta haɗa 'yar kwamfuta wadda ba ta fi kwanon sha girma ba, ta zauna a kusurwar ɗaki ta riƙe karatun duka da hotunan gida, kowa ya jawo abin da yake so a wayarsa ko a talabijin. Tun kafin a sayo ta Hafiza ta raɗa mata suna Rumbu.

Ya daɗe yana jeka-ka-dawo a shagon abokinsa Sadi mai gyaran kwamfuta. Sun zaɓi ƙaramin akwati marar shan wuta, tunda da sola da batir ɗaya gidan ke rayuwa. Sun zaɓi fanka marar ƙara mai jure zafin bazara. Sai kan faifan ajiya suka saɓa.

"Ka ɗauki sabbi guda biyu, ko ƙanana na," in ji Sadi. "Duk abin da ɗaya ya rubuta, ɗan'uwanai shi kwahe. Ran da guda ya mutu, guda na nan."

Idon Jibrin yana kan wani faifai a ƙasan kanta, babba, gefensa ya ɗan lotse. Shi kaɗai zai haɗiye karatun duka har a sami sauran wuri.

"Wanga hwa?"

"Na hannu na. Cikin tarkacen da anka kwaso daga wani ƙauye da ya watse bayan Maradun anka kawo min shi. Ban san tarihinai ba, Jibrin. Ba ni ba ka shawara."

Jibrin ya yi dariya, ya ce ƙarfe ba ya da dangi. Ya ɗauka.

Da ya jona shi a gida sai ya tarar cike yake taf. Bukukuwan aure ne, da na suna, da saukar karatu, kowanne da tambarin wani Sambo Mai Bidiyo a kusurwa. Ya buɗe guda ɗaya, ya ga tsofaffi zaune gindin wata tsamiya, mata na wucewa da ƙwarya a ka. Bai san ko mutum ɗaya ba. Ya rufe, ya goge komai, ya fara juye karatun mahaifinsa a kai. Kaset ɗin sun tsufa, da yawa suna gama juyawa zarensu ke tsinkewa. Da ya kammala ya tattara su ya binne a bayan katangar gidan, yadda ake yi wa tsohuwar takardar karatu.

Tun daga maraicen farko jifa bai fasa ba. Da rana gida lafiya lau. Amma da zarar inuwar katanga ta rufe tsakar gida, sai shiru ya sauko, irin wanda ko akuya ba ta kuka a cikinsa, sannan duwatsu. Jibrin ya cire wayar wutar Rumbu, amma yakan ji faifan yana juyawa a ciki, yana ƙas-ƙas kamar mai tauna tsakuwa.

Sai Hafiza ta canza. Ta bar abinci, ta bar makaranta. Da yamma takan zauna ta fuskanci katanga tana kiran sunayen mutanen da ba a san su ba a gidan, tana yi musu barka da zuwa ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tarbar baƙin biki. Ran da Baturiya ta dafa kafaɗarta, yarinyar ta waigo ta ce da muryar tsoho, "Ke ba 'yar garinmu ta ba."

Washegari Jibrin ya hau babur zuwa Bakura, ya ɗauko Malam Abdulmumini, ɗalibin mahaifinsa ne a da, wanda aka sani da ruƙiyya. Suka iso bayan la'asar. Malam ya sa aka zaunar da Hafiza a tabarma, uwarta ta riƙe ta ta baya, ya fara karatu a hankali, bai ɗaga murya ba. Hasken tsakar gida yana ta raguwa. Can jikin yarinyar ya sandare, bakinta ya buɗe.

"Ya isa, malam. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai?"

"Ɗan gari."

"Wane gari?"

"Garin da babu." Muryar ta ja numfashi. "A tsamiyar bakin gari nike tun kakanninsu. Ban taɓa cutar kowa ba. Masu bindiga sunka zo, na kashewa sunka kashe, na gudu sunka gudu, Sambo ma nan ya kwanta. Ba abin da ya saura sai muryoyinsu cikin ƙarhen ga. Na biyo shi kasuwa kasuwa. Sai wanga mutum ya share su kamar mai share tsakar gida."



"Yarinyar ga ba ta yi maka komi ba," in ji Malam. "Zalunci haramun na gare ka, kamar yadda yake haramun gare mu. Hita."

"Shi maido su."

Malam ya dubi Jibrin. Jibrin ya girgiza kai. Ya riga ya tambayi Sadi, shi kuwa ya ce abin da aka goge aka rubuta wani a kansa ya tafi ke nan.

"To a bar min ita. Ta riƙa kiran min sunayensu kowace magariba."

Malam ya koma karatu. Hafiza ta yi ta birgima tana ihu, jini ya ɓalle mata ta hanci ya ɓata zanen uwarta. Baturiya tana kuka ba sauti.

"Tsaya!" in ji muryar. "A ba ni ƙarhen. Da abin da ke ciki, ba a kwahe ko harahi guda ba. Ya bar ni da kango, shi ma shi ɗanɗana."

"Muryar babana ta," Jibrin ya ce. "Ba ta ko'ina sai nan. Malam, ka roƙe shi in kwahe tukuna."

"Ba ni roƙon shi, kuma ba ni ce maka ka ba shi," in ji Malam. "In na ci gaba zai hita dole, da ikon Allah. Amma dubi jikinta. Ban san ko za ta kai ba."

Jibrin ya dubi 'yarsa. Ya tashi ya shiga ɗaki, ya kwance Rumbu, ya zaro faifan da ɗuminsa, ya kai shi ƙofar gida ya ajiye a ƙasa. Malam ya sa aljanin ya rantse ba zai dawo ba. Hafiza ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale jikin uwarta, ta ce ƙishirwa take ji. Da aka idar da salla Jibrin ya leƙa ƙofa, babu faifan.

Jifa ya tsaya, Hafiza ta warke, ba ta tuna komai ba. Jibrin ya tone ramin da ya binne kaset ɗin, ya tarar damina ta riga shi, duk sun lalace.

Bayan kwanaki wata tsohuwa ta yi sallama da hantsi. Ta ce sunanta Nagode, tana cikin masu gudun hijira da ke zaune a wani kango a gefen gari. Aka gaisa, aka tambayi gajiya da zaman baƙunta, sannan ta gyara mayafi.

"Ɗana, an ce min hwaihwan Sambo ya shigo hannunka. Bikin ɗana Wakili na ciki, shi kaɗai gare ni. Ba ni son komi. In ga huskatai kawai, don ta hwara ɓace min."

Jibrin ya sunkuyar da kai. "Inna, babu. An goge."

Ta ɗago ta dube shi.

"To kahin a goge, ka gan shi? Dogo na, baƙi, da wushirya. Mai yawan dariya."

Ƙarya ta zo masa har bakin harshe, mai sauƙi, wadda ba wanda zai taɓa kama shi da ita. Ya kasa.

"Ban kalla ba, Inna."

Tsohuwar ta gyaɗa kai. Ta lalubi takalmanta da ƙafa, ta ce a gai da mutanen gida, ta fita.