Jar Suwaita a Koren Gida

"Joelle... mene ne wannan yake tsaye a bakin ƙofata?"

Muryar Baba ce. Da kwanon dankali a hannuna na fito daga kicin, na kalli ƙofa.

Emmett ne. Ya taje gashi, ya riƙo furannin da ya kawo wa Mama, yana ta murmushi abinsa.

A jikinsa kuwa suwaita ce ja. Ja zur!

A gidanmu! Kuma a ranar da Jami'ar Ashcombe take karawa da Jami'ar Corwin a ƙwallon kwando!

Mu 'yan Ashcombe ne tun kakanni, mu ne Kore. Labulenmu kore, kujerar Baba kore, har kwanon abincin karenmu. Mutanen Corwin su ne Ja, kuma ranar wasa ko sunan launinsu ba a furtawa a gidanmu, sai dai a ce "wancan launi", don Baba ya yi imani ambatonsa yana jawo mana rashin sa'a.

"Barka da rana, Baba," in ji Emmett, har da ɗan rusunawa. "Saboda kai na sayo ta. Joelle ta ce launin gidan ke nan."

Mama ta dafe ƙirji.

Baba ya juyo a hankali ya dube ni.

"Launin gidan... Ashe gaskiya ƙawarki Brandi ta faɗa min a coci. Corwin sun ɗauke ki, ko ba haka ba?"

"Baba, ka tsaya in yi maka..."

"Sun ɗauke ki ko ba su ɗauke ki ba?"

"Sun ɗauke ni."

"Shi ne kika turo min sanarwa a jikin saurayinki!"

Ya rufe ƙofar a fuskar Emmett. A ranar kuwa, Corwin ta lallasa mu, kuma kowa a gidan ya san wanda aka ɗora wa laifin.

Baba bai taɓa zama a ajin Ashcombe ba ko na yini ɗaya, gyaran injin ɗumama gidaje yake yi tun yana saurayi. Burinsa a duniya shi ne wani daga zuriyarmu ta Pruitt ya shiga makarantar nan ta ƙofar aji, tunda shi ta ƙofar filin wasa kawai ya san ta. Ni ce auta, ni ce kuma mai son karatu, sai kayan suka faɗo a kaina. Da na gama sakandare na nemi Ashcombe suka ƙi ni. Na yi kuka har idona ya kumbura, shi kuwa ya ce kuskuren na'ura ne, Ashcombe ba ta kuskure.

Haka na shiga ƙaramar kwalejin garinmu ta shekara biyu, da niyyar in na gama in koma jami'a a aji uku. A can na haɗu da Emmett Sizemore.

Ana nuna wasa a talabijin ɗin ɗakin cin abinci, alƙalin wasa ya busa mana laifin da ba mu yi ba, na miƙe tsaye da cokali a hannu.

"Makaho! Wa ya ba ka usur? A kai shi asibitin ido!"

Wani dogon yaro mai riga ruwan toka ya ɗago daga littafinsa.

"Kin san shi ne?"

"Duk na san su. Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya."

Ya yi dariya har da tari. Tun daga ranar ya sa min suna Sarauniyar Ihu.

Abu biyu suka hana ni sakat game da shi. Na farko, kullum cikin ruwan toka yake ko baƙi, kuma a jiharmu ta Indiana inda jariri ma yake da ɓangare, shi ya ƙi faɗar nasa.

"Kore ko Ja?" nakan tsare shi.

"Duk ɗaya nake ganinsu, Sarauniya."

"Ƙarya kake! Babu mai ganinsu ɗaya."

"To ga shi kin samu."

Na biyu, duk Asabar da rana sai ya ɓace. In na tambaya ya ce ɗan aiki ne. Wane aiki? Sai ya ja kumatuna ya canja zance. Ni kuma Allah ya yi ni da son bin diddigi, abin da aka rufe shi na fi son buɗewa. Ina jin ma garin leƙen nan ne na faɗa sonsa ban sani ba.

Brandi Kessler tare suka yi firamare da shi, yanzu tana aiki a kantin tufafi na cikin gari. Duk kwalejin an san ta daɗe tana jiran ya waiwayo ta. Ni da wautata ita na fara gaya wa zancen Corwin, don a gabana tamkar ƙawa take.

Bayan abin da ya faru a ƙofa, saƙonsa ɗaya ne yake ta shigowa wayata.

"Me na yi, rabin raina?"

Me ya yi! Tambayar ta fi suwaitar ƙona min rai, na ƙi amsawa. Amma can ƙasan fushin wani abu yana ta sosa ni. Mutumin da yake tsayar da mota don kunkuru ya tsallaka titi, me zai sa ya zo har gida ya ci mutuncin mahaifina? Kuma me ya sa yake murmushi kamar ya yi abin kirki?

Brandi ta same ni a kwaleji da fuskar tausayi.

"Ayya 'yar uwa... ai na so in gaya miki. Duk Asabar ɗin nan garin Corwin yake tafiya. Wa ya san wadda ya ajiye a can?"

Asabar na zagayowa na ɗauki makullin motar Mama. Baba, wanda sati guda bai ce min ko sannu ba, ya tare ni a tsakar gida.

"Ina zuwa?"

"Zan bi shi in ga inda yake zuwa."

Sai ya zaro makullin a-kori-kurarsa.

"Shiga. Ni zan kai ki ki gani da idonki, don gani ya kori ji."

Ashe shi ma cikinsa cike yake da son sani, girman kai ne kawai ya danne shi.

Muka laɓe a bayan gidan mai har motar Emmett ta fito. Da muka zo mararraba, maimakon ya yi dama zuwa Corwin sai ya yi hagu, ya bi ta cikin gonakin masarar da aka girbe. Baba ya ɗaure fuska.

"Wayo ne. Zagaye zai yi."

Bai zagaya ba. A wata ƙaramar sakandare ya tsaya, ya ɗauki jaka ya shige ta ƙofar baya. Muka bi 'yan kallo muka zauna a benci. Wasan 'yan mata ne, masu fararen riguna da masu baƙaƙe.

Sai ga shi ya fito tsakiyar fili.

Riga mai zanen fari da baƙi. Usur a wuya.

"Alƙalin wasa..." na faɗa a hankali, ina tuno duk zagin da na zazzaga a gabansa.

Baba ya riƙe kai da hannu biyu.

"Wayyo ni Royce! Da ma ɗan wancan launin ne, da ya fi min sauƙi!"

Na ce mu tafi, ya ce ai tunda an zo sai an gani. Bai san ko yarinya ɗaya a filin ba, amma kafin a je hutun rabin lokaci ya zaɓi masu fararen riguna ya mayar da su 'ya'yansa. Emmett na busa musu laifi, Baba ya zabura.

"Makaho! Ina idonka yake? Ko masu baƙaƙen rigunan ne suka biya maka kuɗin makaranta?"

Emmett ya waiwayo. Idonsa ya sauka a kan Baba, ya sauka a kaina. Ya ɗaga hannu ya yi gargaɗi.

"Baba, don Allah zauna," na ja rigarsa.

"Makaho ɗan makaho!"

Fiiit!

Emmett ya tsayar da wasa, ya tako har gaban bencinmu.

"Yallaɓai, yara ne suke wasa. Ka fita."

"Ni? Ka san ko ni wane ne?"

"Na sani sarai. Ƙofa tana can."

Haka aka rako mahaifina waje ana tafi. A wajen ajiye motoci ya yi ta kai da komo yana huci, can kuma sai na ji ya ce ƙasa-ƙasa, "Amma fa yaron yana da zuciya."

Da aka tashi Emmett ya fito. Ya buɗe motarsa, ya ɗauko suwaitar nan ya miƙo ta gabanmu.

"Kafin ku tafi ku gaya min laifina. Girmanta ne? Ko ba irin koren da kuke sawa ba ne?"

Na dube shi, na dubi suwaitar.

"Emmett... wane launi ne wannan?"

"Kore mana."

"Ja ce!"

Baba ma ya manta da dokarsa. "Ja ce kamar tumatir!"

Fuskar Emmett ta canja. Ya jingina da mota.

"Brandi ce ta zaɓa min. Na ce mata ina son koren da ya fi kowanne kyau..." Ya dubi suwaitar. "Tun haihuwa idona ba ya raba ja da kore. Ita ta sani, don a gabanta na yi wa bishiya fenti ja a firamare aka yi min dariya. Na ɓoye ne saboda aikin nan. A fili ba ya hana ni komai, ɓangare ɗaya fari ne ɗaya mai duhu. Amma ki duba sunan da ake kirana da shi tun ba a sani ba."

Duk ɗaya nake ganinsu... Sau nawa ya faɗa min? Kunya da tausayi suka rufe ni lokaci guda.

"Ka yafe min, abin ƙaunata. Da na amsa saƙonka..."

Wata irin ƙara ta katse ni. Baba ne, ya duƙa ya riƙe gwiwa yana dariya har da hawaye.

"Na faɗa! Tun ina saurayi nake faɗa ana ce min sharri ne! Makafi ne! Yau ga ɗaya ya amsa da bakinsa!"

Da ya lafa ya share ido, ya dubi Emmett sosai.

"To alƙali, gaya min gaskiya. Kai ka juya mata kai zuwa Corwin?"

"Ni za ka tambaya, Baba," na ce. "Na sake neman Ashcombe. Sun ce in zo, amma rabin darussan da na yi a kwaleji ba za su karɓa ba, sai na maimaita shekara. Corwin sun karɓe su duka, kai tsaye aji uku a sashen jinya. Sau biyu ina ƙwanƙwasa ƙofar nan saboda kai. Na gaji, Baba... amma tsoron rasa ka ya hana ni faɗa."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa.

"Karatun da na ga kina yi har kina rama? Shi suka ce bai isa ba?"

Na gyaɗa kai. Na jira ya ce kuskuren na'ura ne.

Bai ce ba. Ya cire koriyar hularsa ya daɗe yana juya ta a hannu, sannan ya jawo ni jikinsa.

"Autata... ƙwallo kawai suka iya."

Brandi kuwa, Mama ce ta mayar mata da suwaitar har kanti, a gaban mai kantin ta tambaye ta wane launi ne. Tun daga nan in ta hango ni sai ta sauya hanya.

Ranar da zan tare a Corwin, Emmett ya zo taya mu loda kaya, da zoben da ya sa min a yatsa yana ta ɗaukar ido. Na zagaya gaban a-kori-kurar Baba na tsaya cak. Koren allon Ashcombe da ya fi ni shekaru a gaban motar babu shi. An ɗaura sabo, irin na gidajen da kansu ya rabu, rabi kore rabi ja.

"Baba..."

"Kar ki yi min kuka. Uwarki ce ta ce gida biyu maganin gobara." Ya juya ga Emmett yana nuna allon. "Kai alƙali, me ka gani a nan?"

Emmett ya duƙa ya ƙura ido.

"Launi ɗaya nake gani, Baba."

Baba ya yi tsaki, ya buɗe masa ƙofar gaba.

"Shiga mu tafi, makaho. Yau dai ka busa daidai."