Karan Gonar Marigayi

"Wai me na yi wa Baffa ne, Khairiyya? Duk zuwan da kawunnaina suka yi rugarku neman aurenki sai a ce musu ba ya nan!"

Da wannan Musaddiƙ ya tare ni a ƙofar firamaren da nake koyarwa a Roni, ko babur ɗinsa bai kashe ba. Ni kuwa dama a cike nake.

"Tsakaninka da Allah ba ka sani ba?"

"Wallahi ban sani ba, abar ƙaunata..."

"Ina karan gonarku?"

Ya yi sororo. "Kara kuma? Ai na sayar wa masu kiwo daga Kazaure, sun kwashe a mota. Me ya haɗa kara da aurenmu?"

Kun ji fa! Mutum ya je jami'a ya karanto noma, amma abin da ɗan ƙauye ya sani tun yana goye ya gagare shi.

Tun kafin a haife mu, duk kaka in mahaifinsa Alhaji Muhammad Sani ya gama girbi, mahaifina Baffa ke sauke shanunsa a gonar. Shanu su ci kara, su bar masa taki. Inna ta aika da nono gidansu, mahaifiyarsa Hajiya ta aiko mana da damin gero. Bara Allah ya yi wa Alhaji rasuwa. Bana Baffa ya koro shanu kamar yadda ya saba, ya tarar da gona an share ta tas, an kuma zagaye ta da waya.

"Bai ce wa kowa uffan ba," na ce. "Ya juya da shanunsa. Amma ranar ko fura bai sha ba. Gani yake ka gaya masa ne zumunci ya bi Alhaji kabari."

"Innalillahi... To me ya hana shi faɗa?"

"Bafulatani ne zai buɗe baki ya ce an hana shi kara? Musaddiƙ, anya ka san mu kuwa?"

"Bar min komai, zan gyara!"

Da na san irin gyaran da zai yi, da na riƙe masa riga.

Washegari sai ga shi da a-kori-kura shaƙe da dusa da harawa har ƙofar rugarmu, yana ta fara'a. Ina leƙe daga bukka. Baffa ya dubi motar, ya dube shi.

"Allah ya yi albarka, yaro. Sai dai shanuna ba su kai ga karɓar sadaka ba tukuna. Mayar da kayanka."

Da la'asar ya ce wa Inna a fara ɗaure kaya. Jibi za mu tashi zuwa wajen ƙaninsa a Gwiwa, kuma babu dawowa.

Na zagaya bayan garke na kira Musaddiƙ ina kuka.

"Ka ƙarasa mu! Tafiya za mu yi!"

"Khairiyya, ki tsaya... kin san ba zan iya rayuwa babu ke ba!"

"Ni ma ina sonka, Allah shaida ne. Amma ba zan bari Baffa ya tafi da ciwon zuciya ni ina nan ina lalle ba. Duk inda ya sa ƙafa, nan zan sa tawa."

"To me zan kai masa? Faɗa min, ko mene ne!"

"Har yanzu kana maganar kai masa? Ka je ka tambayi Hajiya yadda Alhaji ke yi!"

Na kashe wayar, na zauna a ƙasa na yi mai isata.

Ranar tafiya da hantsi an gama ɗora wa jakuna kaya, Inna na ɗaure ƙoren nononta, sai muka hango mutum tafe a ƙasa. Musaddiƙ ne, babu babur, babu komai a hannunsa. Tafukan hannunsa duk sun farfashe. Tun daga nesa ya tuɓe takalmi, ya zo ya durƙusa gaban Baffa.

"Baffa, yau ban kawo komai ba. Roƙo na zo yi."

Baffa ya ci gaba da gyara igiyar maraƙi.

"Hajiya ta ce duk shekara Alhaji da ƙafarsa yake zuwa ya roƙe ka ka taimaki gonarsa. Ni ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Wayar da na zagaye gonar da ita, na cire ta da hannuna. Gonar nan da takin shanunka ta saba, in ka tafi ta mutu." Ya ɗaga ido ya dube shi. "Ni maraya ne, Baffa. Ba wanda ya rage da zai koya min sai kai."

Inna ta damƙe hannuna.

"Gonar da babu kara," in ji Baffa a hankali, "me shanu za su ci?"

"Babu, Baffa. Laifina ne."

Can Baffa ya ja gefen rawaninsa ya goge ido, wai ƙura ce ta shiga.

"Sai su yi kiwo a daji, su kwana a gonar. Haka muka yi da mahaifinka shekarar da aka yi fari." Ya juya wajen yayyena. "Ku sauke kayan nan."

Musaddiƙ ya kifa kai yana godiya. Baffa ya ɗauki sandarsa ya nufi garke, har ya yi nisa sannan ya yi magana ba tare da ya waiwayo ba.

"Mutanen naka... ka ce musu Juma'a bayan an sauko daga masallaci ina gida."

Ban san lokacin da na faɗa jikin Inna na fashe da kuka ba. Ita kuwa sai toshe min baki take da gefen zanenta, nata hawayen na zuba a kaina.

"Ke, rufa mana asiri! Surukina na jin ki!"