Ƙafa Ɗari Shida

Ranar da Malam, mai koya min tuƙin jirgin sama, ya ce zan sauko da jirgi da taswira kaɗai, magariba ta kawo jiki. Ya miƙo min hular nan da ke hana ɗalibi kallon waje. Ba na ganin komai sai agogunan gabana da taswirar sauka a kan cinyata. Na haddace ta sarai: ba a yin ƙasa da ƙafa ɗari tara sai an wuce tudu.

Muna gangarowa warin ƙonanniyar roba ya cika jirgin, ƙeyata ta ɗauki sanyi. Muryar Malam ta shigo kunnena a hankali: “’Yata, sauka zuwa ɗari shida.”

Wace ni in yi wa Malam musu? Na tura sitiyari.

Sai ji na yi an fizge shi daga ɓangaren Malam, inji ya yi ruri, jirgin ya ɗaga hanci. Na ture hular. Bishiyoyin tudun suka wuce ƙarƙashinmu, har ganyensu na gani.

“Wa ya ce ki sauka?” in ji Malam.

“Ba kai ka ce ɗari shida ba?”

Ya ce, “Ban buɗe baki ba. Ɗari shida ta tsohuwar taswira ce. Tun kafin a haife ki aka janye ta, bayan wani jirgi ya daki tudun nan ya ƙone.”

Kujerar baya, wadda muka taso babu kowa a kanta, ta yi ƙara kamar an gyara zama.

“Kada ki waiwaya,” Malam ya ce. “Kalli taswirarki.”