Dutsen Goge Kaushi

Mahfuza ta san an hana. Mai yi wa ayarinsu na 'yan yawon buɗe ido jagora a wani tsibiri na arewacin Turai ya faɗa da bakinsa, kafin su sunkuya su shiga kabarin mutanen da, can bayan wani garin masunta: a kalla da ido, kada a taɓa. Amma da ta ga wani dutse mai ɗan tsagi, daidai tafin hannu, sai ta ce a ranta wannan zai yi goge kaushi. Ta faki ido ta jefa shi a jaka.

Tun da ta dawo Dubai take goge dunduniya da shi kullum.

Ran nan ta taso daga aikin asibiti bayan isha'i, ta shiga lif, na'urar hawa benen gidansu a unguwar Al Muraqqabat. Wata tsohuwa na tsaye a lungu, lulluɓe da fatar dabba. A waje zafi kamar tanda, a ciki kuwa sanyi har ƙashi, ga ƙarnin teku. Ƙafafun tsohuwar ba takalmi, ruwa na tsiyaya daga jikinsu.

Don ruɗewa Hausa ta kuɓuce wa Mahfuza: "Sannu, Iya. Wane hawa za ki?"

Da Hausa aka amsa, amma bakin bai motsa ba.

"Dugaduganki sun yi kyau, 'yata. Ni kuwa tun da kika tafi ban runtsa ba. Na rasa abin ɗora kai."

Sai ta juyo da fuskarta. Kuncinta a lotse yake, daidai tafin hannu, har da shatin tsagin nan da Mahfuza ke ji a dunduniyarta kowace safiya.