Ɗigon da Yake Komawa Baya

"Sautinsa ne ya lalace, Oga! A sallame shi kawai."

Na ɗago daga kwamfuta. Abokin aikina ne. Tun da ya nemi aurena na ƙi, ya ɗora wa masoyina Mai Murya karan tsana.

Ni na rubuta manhajar da ke kunna littattafan sauraro a shafinmu. Aikinta riƙe lokaci: inda ka tsaya yau, nan ɗigon da ke nuna wurin zai jira ka gobe. Mai Murya kuwa shi ke karantawa. Muryarsa kamar ruwan randa, ko sanarwa ya karanta sai ka ajiye abin da kake yi.

To, akwai wani mai sauraro da lokacinsa ya ƙi gaba. Kullum ya kai wuri ɗaya, sai ɗigon ya koma baya.

"Ko sautinsa, ko aikinki," in ji Oga. "Gobe ɗayanku zai tafi."

Mai Murya ya tare ni a matakala.

"Ki ce sautina ne, rabin raina. Hannunki ba ya kuskure, ba zan bari a ɓata miki suna ba."

"In aka kore ka fa? Dama Baba cewa yake surutu ba sana'a ba ne!"

Murmushi kawai ya yi. Wallahi a nan na ƙara son sa.

Na bi layukan manhajar kaf, ban ga aibu ba. Da la'asar na koma gida.

Tun daga ƙofar falo na ji muryar Mai Murya na fitowa daga waya. Baba ne, wanda raunin ido ya raba da karatu, ya kai waya dab da hancinsa. Mai Murya na karanta inda wani dattijo yake yi wa marigayiyar matarsa addu'a. Yana kai ƙarshe, Baba ya sa yatsa ya ja ɗigon baya.

"Baba... ashe kai ne?!"

Ya yi saurin goge ido.

"Yaron nan ya san inda ake yin shiru. Mahaifiyarki nake tunawa."

"Gobe za a kore shi saboda yatsan nan naka."

"A kori wa?" Ya gyara zama. "Da safe ki kai ni wurin Ogan naku. Yaron kuma ki ce masa ya turo iyayensa... Na gaji da jan ɗigon nan, gara ya zauna gabana ya maimaita mini da bakinsa."