Jelar Akbakai

Tas!

Marin ya sauka a kuncin Raushan har duwatsun kwarin suka amsa. Ba ta dafe wurin ba, ba ta ko ƙifta ido ba. Almakashi na hannunta, jelar dokin kuma tana yashe a kan jan yashi.

"Kin kashe min ɗa!" tsohuwar da ta mare ta ta faɗa. "Da ransa da lafiyarsa kika yanke jelar dokinsa? Ke wace uwa ce ta haife ki?"

Ina tsaye da ludayi a hannu, don ni ce mai dafa wa 'yan fim ɗin abinci. Duk wanda ya tashi a karkarar Kazakistan ya sani, ba a yanke jelar doki sai mai shi ya mutu. A yanke, a sake shi ba mai hawansa, ranar sadakar shekara a yanka shi.

Raushan ba ta sani ba. 'Yar birnin Almati ce, a bene ta girma, doki sai dai a talabijin. Ita ke ɗinka kayan 'yan wasa da na dawakinsu. Fim ɗin irin na kaboyi ne, amma an kwashe kaboyin an kai su wata duniyar can sama: malafa a ka, bindiga a ƙugu, ga jirgin sararin samaniya ya faɗo bayan dutse. Ni dai har yau ban gane kan shirmen ba. Darakta ya nace sai an sa wa doki jelar waya mai walƙiya, wai dokin wata duniya ba ya yawo da gashi.

Dokin kuwa Akbakai ne, na Darhan. Darhan shi ke hawa a madadin jarumin fim. Shi ke faɗuwa, shi ke keta wuta, jarumi ya sha tafi. Shi ne kuma ya ce duk duniya ba shi da mata sai Raushan. Mahaifiyarsa, Apa Gulsim, ta daɗe tana cewa ba da yawunta ba, 'yar birni ko madarar goɗiya ba ta iya tatsa ba. Da ƙyar ya lallaɓa ta ta zo ranar ta ga yarinyar da idonta. Ta sauko daga mota da ƙullin soyayyen burodi, sai ta tarar da wannan.

Darhan ya taho a guje, hular gilashi irin ta 'yan sama jannati da yake sawa a fim ɗin na hannunsa.

"Apa! Me ya faru?"

Sai idonsa ya kai ƙasa. Ya ga jelar a yashe.

"An ce kai ka ce..." in ji Raushan, muryarta kamar ta mai magana cikin barci. "Moldir ta ce ka amince."

Kowa ya juya. Moldir 'yar ƙauyensu Darhan ce, ita ke hawa a madadin jarumar fim, ita ce kuma wadda Apa ke yi wa ɗanta tanadi tun suna yara.

"Ni?" Moldir ta dafe ƙirji. "Yaushe muka yi da ke? Ni da aka haifa a gindin sirdi zan ce ki yi wannan? Ki dai ji tsoron Allah, 'yar birni!"

Raushan ba ta musa ba. Ta bi ta da ido kawai.

"Ba za ka ƙara hawansa ba," in ji Apa. "Dokin mamaci ne. Ita kuma wannan, in ta taka min gida ban yafe ba."

Bayan tantin girkina Darhan da Raushan suka tsaya, ina jin su sarai.

"Zuciyata, dube ni mana," ya ce. "Ga mamaci yana magana. Taɓa ki ji, da ɗumina!"

Ba ta yi dariya ba.

"Yi kuka ko zagi, Raushan. Wannan shirun naki ya fi marin ciwo."

"Ba na jin komai, Darhan..."

"Saura tsalle ɗaya a gama fim. Zan hau shi."

"Ka hau wani."

"In na hau wani, na yarda ke nan kin yi min baki. Apa za ta riƙe wannan har kabarinta. In kuwa na hau na sauko lafiya a gabanta, me ya rage ta ce?"

"Darhan..."

"Hasken idona, kafin dusar ƙanƙara ta sauka kina ɗakina. Ki rubuta ki ajiye!"

Ya sumbaci goshinta ya tafi. Na so na fito na ce masa kai yaro, ba a jayayya da uwa a kan doki. Amma wa ke jin maganar mai tukunya?

Da la'asar aka cinna wa jirgin katakon wuta. Raushan da hannunta ta ɗaura jelar wayar, ta ja ta gwada, ta koma gefe ta tsaya kamar an dasa ta. Apa ta shige mota ta juya baya, tana jan carbi.

Darakta ya daka tsawa, Akbakai ya taso.

Kai, Darhan ya iya hawa! Ƙura a bayansa, hular gilashi na ƙyalli, wayar tana tartsatsin shuɗi. Dokin ya tashi sama kan wutar. A nan wayar ta lanƙwaso ta zabge shi a ƙafafun baya, dabbar da ba ta taɓa jin irin wannan bulala ba. Ya yi harbi a iska, ya karkace.

Darhan ya sauka da wuya a kan dutse.

"Madalla!" darakta ya ƙwala, don shi a zatonsa gwaninta ce.

Akbakai ya miƙe ya girgije jikinsa. Darhan bai miƙe ba.

Kowa ya ruga sai Raushan. Ta taka a hankali, ta durƙusa, ta cire masa hular, ta share masa ƙurar gira da bakin hannun rigarta. Ko ɗigon hawaye babu.

A ƙauye ba su bar ta ta shiga tantin makoki ba. Ta tsaya a waje cikin iska wurin da ake ɗaure dawaki, ni na riƙe mata hannu, sanyi ƙalau. A ciki mata suna waƙar makoki bi da bi, kamar yadda muke yi, kowace tana jero halayen mamaci. Da aka zo kan Moldir ta fara daidai, sai muryarta ta karye.

"Ita na so a kora, Darhan! Ita kaɗai! Wallahi ban san za ka hau ba... ni na ce ta yanke... ni ce!"



Na matse hannun Raushan. "Kin ji? Allah Ya wanke ki!"

"Na ji," ta ce. "Mu tafi, kar motar ta bar mu."

Haka ta koma Almati ta ci gaba da ɗinki. In an ba ta abinci ta ci, in an manta ita ma ta manta. Na je wajenta na yi faɗa, na yi lallashi, har zaginta na yi ko za ta fashe. Ina! Sai ta ce min shayina zai huce.

Shekara ta zagayo, aka yanka Akbakai, fim kuma ya fito. Marasa kunyar nan ba su cire faɗuwar ba, wai ita ce ta fi kyau a duk fim ɗin. Aka gayyace mu kallon farko. Ban yi zaton Raushan za ta je ba, sai ga ta. A bakin ƙofa muka ga wata tsohuwa da farin ɗankwali ta rakuɓe, mutane na bangazarta.

Apa Gulsim ce, ta rame ta koma rabi.

Raushan ta tsaya a gabanta.

"Ban taɓa shiga irin wurin nan ba," in ji Apa. "An ce in na shiga zan gan shi yana motsi."

"Za ku gan shi, Apa."

"Ranar na juya masa baya, ban kalli hawansa na ƙarshe ba." Ta gyara ɗankwalinta. "Ina so in ga ya taso. Amma ba na so in ga... Ke kin san wurin. Ki zauna kusa da ni, 'yata, ki faɗa min."

Raushan ta kama hannunta suka shiga. Ina bayansu.

Aka kashe fitila. Duk inda mahayi ya gilma da hular gilashi, sai tsohuwar ta zabura.

"Shi ne?"

"Shi ne, Apa."

"Na gane zamansa. Haka ubansa ke zama a sirdi."

Can wutar ta tashi a allo, Akbakai ya taso da ƙura a bayansa.

"Ka ga ɗana..." Apa ta ce ƙasa-ƙasa. "Ka ga ɗana!"

"Yanzu, Apa."

Raushan ta sa tafin hannunta ta rufe wa tsohuwar ido, ta jawo kanta ta kwantar a kafaɗarta. Ita kuwa ba ta da mai rufe mata, ta kalla har ya kai ƙasa.

Zauren ya kaure da tafi da fito.

Apa ta lalubo fuskar Raushan cikin duhu, yatsunta suka jiƙe.

"Yi abinki, 'yata," ta ce. "Ba mai jin mu."